Liƙin da Na Yi wa Saratu

Ko da ni na so in manta, mutanen gidanmu ba za su taɓa bari in manta da wata Lahadi a shekarar dubu biyu ba. Har yau idan aka gayyace ni taro, kafin in kai bakin ƙofa sai wani cikin 'ya'yana ya ce, "Umma, a bar jakar a gida ko?" Sai su kwashe da dariya. Ni ma ina taya su, amma tawa dariyar iyakarta leɓe.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni a lokacin, don ku san daga inda na faɗo. A Agege ta Ikko aka haife ni, nan aka haifi babana, kakana ne ya zo fataucin goro ya ƙi komawa. Yarbanci a bakina kamar ruwa. Sana'ata sayar da leshi da atamfa, kuma yawancin ankon da ake fitarwa a unguwarmu daga shagona yake fita, saboda haka babu bikin da ake yi ba da ni ba, na Hausawa ne ko na Yarbawa. Lokacin nan sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, 'yan siyasa sun fito da manyan riguna, kowace Asabar sai an tare titi an kafa rumfa. Ni kuwa an san ni da abu biyu, guɗa da liƙi. Idan na rangaɗa guɗa a bakin layin dogo, mai barci a cikin kasuwa sai ya farka (na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan ne). Ga ni da girman kai irin na 'yan gari. In na ga ɗan cirani sabon zuwa ya tuɓe takalmi zai shiga banki, ni ce ta farko wajen dariya. A ganina babu taron da za a yi a Ikko ya zo min da baƙon abu.

A gidanmu na gado akwai 'yan haya, cikinsu har da wata Kirista 'yar Filato da muke kira Maman Saratu. Mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa a Ijora har Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya. Ni kuma duk maza na haifa, don haka Saratu a bayana ta girma. Ni na yi mata kitson farko, da Sallah da ita nake ɗinki, da Kirsimeti mu ci shinkafar uwarta. Umma take ce min, kamar yadda 'ya'yana suke faɗa.

Yarinyar nan Allah ya ba ta murya. Tana wanki a bakin famfo sai ka ga mata sun rage surutu. Bayan ta gama sakandare babu halin ci gaba, sai ta riƙa taya ni auna yadi a shago, da yamma kuma ta hau danfo, ƙaramar motar haya, ta tafi cikin gari wurin wata ƙungiyar mawaƙa da wani tsohon Bayarabe yake koyarwa. Baba Kwaya suke ce masa, don kwaya ake kiran irin ƙungiyar da Turanci. A shekarar nan suka shirya wata irin waƙa ta Turawan da, tun zamanin da mazansu suke ɗora farin gashin ƙarya a ka. Oratoriyo take kiranta, sai da ta maimaita min kafin bakina ya iya. Labari ne guda daga littafinsu mai tsarki, amma ba wasan kwaikwayo ake yi ba, a tsaye ake rera shi daga farko har ƙarshe, da goge da sarewa da rundunar mawaƙa a baya. Saratu aka bai wa babban wurin mace.

Ba nan gizo yake saƙar ba. Wata farfesa daga makarantar koyon kiɗa da waƙa za ta zo ta saurara, kuma cikin matasan za ta ɗauki mutum ɗaya ya yi karatu kyauta. In Saratu ta samu, ta kama hanya. In ta rasa, ta ci gaba da auna min yadi sai yadda hali ya yi. Wata da watanni yarinyar nan ba ta shan ruwan sanyi, ba ta cin yaji, tana zagaye tsakar gida tana maimaita layi ɗaya har kaji su kwanta. Ni na ɗauka ai haka koyo yake, ran taro za ta faɗa sau ɗaya ta wuce.

Ana saura 'yan kwanaki aka aiko wa Maman Saratu cewa tsohuwarta tana kwance a ƙauye, rai a hannun Allah. Da safe ta tsaya a ƙofar ɗakina da jakarta, za ta Ojota ta hau mota, idonta ya yi ja.

"Hajiya, ni ba ni da kowa a garin nan sai ke," ta ce. "Ki je ki zama mamanta ranan nan. Kar yarinyan nan ta ɗaga ido ta ga ba nata a wurin."

Na dafa ƙirji. "Maman Saratu, ki tafi hankalinki kwance. Wallahi sai an san tana da uwa."

An kuwa sani.

Ita Saratu ta so ta gargaɗe ni, kada in ɗauki alhakinta. Ranar jajibiri tana gwada farar rigar da na ɗinka mata da leshin da ya fi kowanne tsada a shagona, ta ce, "Umma, taron nan fa ba kamar biki ba ne, ana zama ne kawai a…"

Na katse ta. "Ke, ni za ki koya wa taro? Tun kafin a haife ki nake shiga taro a garin nan. Juya in ga bayan rigar." Ta juya.

Alhaji, mijina, da farko ya ce shi me zai kai shi. Na ce ba ibada ba ce, a ɗakin taro za a yi, kuma marainiya ce. Ya ce to, amma saboda marainiyar. Ni kuwa tun Juma'a na aika aka canzo min kuɗi sababbi fil, na jera su a jaka. Ran Lahadi na ci leshi ruwan goro, na naɗa gwaggwaro irin wanda sai na sunkuya kafin in shiga mota, na zuba awarwaro a hannu biyu, na hau takalmi mai tsini. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke za ki yi waƙar?" Ban kula shi ba.

Tun daga bakin ƙofa ya kamata in gane na shigo wata duniya. Babu rumfa, babu ƙamshin shinkafa, babu mai ganga. Mutane sun sha baƙaƙen kwat, suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Wata yarinya ta miƙo min takarda mai ƙananan rubutun Turanci, na ce madalla, na samu mafici (ashe duk labarin waƙar yana ciki, ni kuwa da shi na yi ta fifita har ya yi laushi). Muka zauna a tsakiya, ni a bakin hanya. Mutumin da ke bayana ya yi ta leƙe ta gefen gwaggwarona, daga baya ya haƙura ya sauya kujera.

Masu goge suka fito, manya da ƙanana, kowa ya kama nasa yana ja, ƙii, ƙuu. Na raɗa wa Alhaji, "Wannan ne kiɗan da aka yi wata shida ana koyo?" Ya ce saiti suke yi. Sai ga Baba Kwaya, ɗan siriri mai sanƙo, da wani ɗan tsinke a hannu. Ya rusuna, aka yi tafi, sai kawai ya juya mana baya. Na ce a raina, ikon Allah, mun bar Agege mun keto gada don mu kalli ƙeyar tsoho.

Aka fara. Gaskiya kiɗan ya shige ni, ko da ban san inda ya dosa ba. Wani ƙaton mutum mai murya kamar daga cikin randa ya miƙe ya rera nasa, ya yi ta yi har jijiyar wuyansa ta fito. Da ya gama ya zauna, ɗakin nan tsit. Ko tari babu. Ni kuwa na ga mutum ya yi ƙoƙari, na buga tafi. Awarwaro suka amsa. Kawuna suka juyo, wata mata ta ɗora yatsa a baki. Alhaji ya kama hannuna ya ce, "Hajiya, ki dubi mutane mana, ki yi yadda suke yi." Na fizge. A raina na riga na yanke musu hukunci: masu kuɗin nan marowata ne, ko tafin da ba a saye da kuɗi sun kasa bayarwa. Ba a daɗe ba sanyin fanka da goge suka ɗauke Alhaji, kansa ya langaɓe. Mai tsaron nawa ke nan ya tafi.

Can sai Saratu ta miƙe.

Na san yarinyar tun tana tsumma, amma ranar kamar ban taɓa ganinta ba. Ta tsaya cikin farar rigar nan, gogen suka yi ƙasa, ta buɗe baki. Tsigar jikina ta tashi. Muryar ta hau sama a hankali, siririya, ba ta rawa, ta cika ɗakin har rufi. Na ji ƙwalla ta taru min, na ce a raina, Allah sarki Maman Saratu, ina ma kina nan.

Sai na lura tana maimaita layi ɗaya. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta ja kalma ɗaya ta yi ta lanƙwasa ta, ta dawo ta kuma faɗa. Yanzu ku tsaya ku ji hujjata, don ba hauka nake yi ba. A duk taron da na sani a rayuwata, na Bahaushe ne ko na Bayarabe, idan mawaƙi ya tsaya a kan layi ɗaya yana nanatawa, magana yake yi. Cewa yake, ina nawa suke? Kuma ba zai wuce wurin ba sai wani ya taso ya fitar da shi kunya. In ya yi ta nanatawa babu wanda ya motsa, to ba shi kaɗai ya ji kunya ba, duk danginsa sun sha ƙasa, kuma za a yi shekara ana zancen. Wannan doka ce da ba a rubuta ba, amma ko yaro a Agege ya san ta.

Na dubi layin gaba, na ga wata mata mai furfura da tabarau tana rubutu, na san ita ce farfesar. Ba ta motsa ba. Na dubi dama, na dubi hagu. Kowa ya ƙame. Na mayar da ido kan Saratu, sai na ga ta buɗe tafin hannayenta biyu, tana bin ɗakin da kallo a hankali, kuma wallahi hawaye ne yake gangaro mata. Maganar uwarta ta dawo min: kar ta ɗaga ido ta ga ba nata.

Na daure, na ce bari in ga iyakar rowar mutanen nan. Ta wuce zuwa wani layin, na ɗan saki numfashi. Sai kiɗan ya tsaya cak. Shiru. Baba Kwaya ya ɗaga tsinkensa, masu goge suka sake ɗauko kiɗan daga inda suka faro tun farko, Saratu ta ja numfashi ta koma layin nan na farko.

Ta koma farko! Marainiya, a gaban jama'a, ta rasa mai tasowa har ta sake sabon lale (daga baya aka gaya min haka irin waƙar take, a kan je tsakiya a dawo farko, haka mai ita ya tsara ta tun kafin a haifi kakan kakana). Jinina ya tafasa. Na ce ina raye ba za a yi wa 'yata wannan wulaƙancin ba.

Na zuge jaka, na miƙe, na toshe hanci da yatsa biyu na saki guɗa.

Jama'a, ban taɓa sanin abin da ɗaki mai dogon rufi yake yi wa guɗa ba sai ranar. Ta tafi ta bugi bango ta dawo, ta haɗu da wadda nake kan yi. Wani mai goge ya zabura har sandarsa ta faɗi. Wani saurayi da ke gefe yana ɗaukar taron a kaset ya fizge abin kunnensa ya dafe kai. Duk na gani, amma na ɗauka tasirin guɗa ne, ai dama haka take yi wa mutane. Na kama hanya ƙwas ƙwas ƙwas, ina ɗan rausaya kafaɗa, ko da yake kiɗan ba ya rawuwa. Ina tafe ina kirari da iyakar muryata: "Saratu 'yar Umma! Ba ki yi maraici ba ina raye! A gaishe ki, mai muryar zinariya!"

Na hau 'yan matakalan, na isa gabanta, na zaro sabuwar takarda na manna mata a goshi. Da yake ta yi zufa, ta kama ram. Na ƙara wata a kumatu, sauran na riƙa saki a kanta ɗaya bayan ɗaya, suna shawagi suna sauka a kan takardun masu goge. Baba Kwaya bai daina kaɗa tsinkensa ba, amma ya matso ya ce ta tsakanin haƙora, "Iya, e jo, e lo joko." Wato roƙona yake in je in zauna. Na ce a raina, tsoho ya ga ana yi ba da shi ba. Na zaro ɗaya na cusa masa a aljihun kwat, na ce, "Baba, e ku ise," ina yi masa sannu da aiki.

Daga nan na juyo na fuskanci jama'a, ina murmushi, hannu a sama, don a wurinmu idan uwa ta buɗe fili sai saura su biyo baya.

Babu wanda ya taso. Ɗaruruwan fuskoki, baki a buɗe, ido a waje. Wani dattijo ya dafe ƙirji. Farfesar ta cire tabarau tana kallona, ga takardar kuɗi ɗaya kwance a kan littafin da take rubutu. Can tsakiya na hango Alhaji ya farka, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Murmushina ya bushe a inda yake.

Na waiwaya. Saratu ba ta daina waƙa ba. Ta rufe ido, kuɗi manne a goshi, muryarta ta ɗan girgiza ta sake kama ta. Da ta zo wurin jan numfashi, ba tare da ta buɗe ido ba, ta ce a hankali, "Umma, don Allah."

Wannan "don Allah" ita ta farkar da ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na sauko, kuma hanyar da na zo a guje ta zama kamar daga Agege zuwa Kano. Takalmin da nake taƙama da shi kowane taku sai ya yi shela. Na rungume hannayena a ƙirji don awarwaro su yi shiru, suka ƙi. Na zauna. Alhaji bai cire hular ba.

A gefensa akwai wata dattijuwa Bayarabiya da hankici a hannu, ta sha kuka. Ta leƙo ta ce min da Yarbanci, ƙasa-ƙasa, "Kin san abin da take faɗa kuwa?" Na girgiza kai. Ta ce, "A labarin, ubanta mayaƙi ne, wancan ƙaton. Ya yi wa Ubangiji alkawari in ya ci yaƙi, duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi zai miƙa hadaya. Sai 'yarsa tilo ta fito da rawa. Yanzu ban kwana take yi da duniya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinya tana sallama da rai, ɗaki guda yana kuka a zuci, ni kuma na fito da guɗa ina mata liƙi. Hawayen da na gani na waƙa ne. Hannun da ta buɗe ba roƙo ba ne. Shirun da na kira rowa, shi ne girmamawar da suke yi mata. Na zauna kamar an dasa ni har aka tashi, ban ji sauran ba, kunnena sai ƙara yake. Da aka gama kuwa mutanen da na ce marowata suka miƙe tsaye suka yi ta tafi ba ƙaƙƙautawa. Ashe ajiye shi suke yi sai ƙarshe.

Saratu ba ta biyo mu ba, danfo ta hau. Ni da Alhaji muka kama hanya a mota har muka hau gada. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Guɗar dai ta fita." Na fashe da kuka.

Hausawa suna cewa ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. A gidanmu uwar ce ta ja wa 'ya. Washegari Saratu ta zo wucewa ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Hajiya." Hajiya! Yarinyar da tun da ta iya magana Umma take ce min. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ci gaba da zuwa shago, tana auna yadi, ba ta waƙa, ba ta dariya, kuma babu labari daga farfesa. Asabar ta zo aka yi babban biki a layinmu, na ce ciwon kai nake, na rufe ƙofa. Mata suka yi ta aike, don ba a taɓa yin biki babu ni ba.

Maman Saratu ta dawo, tsohuwarta ta samu sauƙi. Ban jira ta ji a bakin wani ba, na same ta a ɗaki na zayyane mata komai. Ta dafe kai ta zauna a bakin gado. "Wayyo Yesu. A goshi, Hajiya?" Na ce a goshi. Sai ta ce, "Ni ma da na je ba zan san ba a tafi ba. Amma ni dai da na tsaya a tafi." Ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Na ga zama ba zai yi ba. Na sa mayafi mara ado, babu awarwaro, na nemi inda suke koyon waƙa, na durƙusa wa Baba Kwaya gwiwa biyu irin na Yarbawa. Na ce laifina ne, jahilcina ne, kada a hukunta marainiya da haukan tsohuwa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar da na cusa masa, ya miƙo min. Sannan ya ce farfesa ta ce ba za ta iya yanke hukunci da abin da ta ji ba, ta so ta koma ga kaset, shi ma guɗa ta cinye wurin. Amma ta yarda za ta sake sauraron Saratu ita kaɗai, a rufaffen ɗaki, bisa sharaɗi ɗaya.

"Wane sharaɗi, Baba?"

"Ta ce ban da ke."

Na ce wallahi ko unguwar ba zan bi ba.

Ranar da za a sake sauraron, da safe ina zaune a ɗaki na yi tagumi, aka ɗaga labule. Saratu ce, da uwarta a baya.

"Ki shirya mu tafi," ta ce.

"Ai an ce ban da ni."

"An ce kar ki shiga, ba a ce kar ki zo ba." Ta miƙo hannu. "Amma kawo jakar."

Na miƙa mata ba musu. Da jakata a rataye ta shiga makarantar, ni da Maman Saratu muka zauna a kan benci a bakin titi, wurin wata mai gasa masara. Maman Saratu tana addu'arta, ni ina jan carbi. Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba a rayuwata, har mai masarar ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Da Saratu ta fito ba a iya karanta fuskarta. Ta tsallako titi ta tsaya a gabanmu. Ta ce da ta gama, farfesa ta ajiye alƙalami ta tambaye ta, matar nan ta ranar, uwarki ce?

Na sunkuyar da kai. "Me kika ce mata?"

"Na ce ɗaya daga cikinsu ce." Ta ɗora min jakar a cinya. "Sun ɗauke ni. Umma, yanzu ki yi."

Na miƙe, na kai yatsu hanci, na buɗe baki. Ni da ake ji daga layin dogo har kasuwa, babu abin da ya fito sai wani ɗan kuka kamar na mage. Na sake gwadawa, hawaye ya shaƙe ni. Maman Saratu ce ta yi guɗar, irin tasu ta kan dutse, mai masara ta taya ta ba tare da ta san dalili ba, ni kuma na rungume yarinyar ina jiƙa mata kafaɗa.

Tun daga ranar, duk inda na shiga na ga mutane sun yi shiru, sai in zauna a kan hannuwana har in ga abin da nasu suke yi. In an ba ni takarda a bakin ƙofa, ina neman mai karanta min kafin in yi fifita da ita. Kuma na daina yi wa ɗan cirani dariya in ya tuɓe takalmi a ƙofar banki. Shi dai bawan Allah takalminsa kawai ya cire, bai manna wa mai ban kwana da duniya kuɗi a goshi ba.